Kiɗan Jaz A Akwatin Rediyo, Da Makaɗan Da Ba A Faɗin Sunayensu

Daga wani Ma'aikacin Ilmi, Kankiya

A hutun da ya wuce na je Kusada wajen iyalin wani kawuna da ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Tsohon malamin makaranta ne, ya daɗe yana hedimasta tun zamanin da Kusada ke ƙarƙashin Kankiya. Da magada suka buɗe adakar littattafansa don a raba wa masu bukata, sai ga wani ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa duk ya koɗe. Suka miƙo mini wai in duba ko lissafin bashi ne, don sun ga sunaye a jere, ga kuma lambobi a gefe. Ina buɗewa na gane shi. Na ce su kwantar da hankalinsu, ba wanda ke bin marigayi ko anini a ciki. Sunayen makaɗan Amurka ne, lambobin kuwa shekarun da aka ɗauki kiɗansu a faifai.

Littafin nan ya mai da ni wajen 1992, sa'ad da na ke zaune hannunsa ina ajin ƙarshe na firamare. Kawu yana da akwatin rediyo mai gajeren zango, ya ɗaura masa waya a reshen bedin da ke tsakar gida. In an yi lisha an ci tuwo, gari ya yi tsit, sai ya jawo akwatin kan tabarma, ya yi ta murɗawa har ya kamo Muryar Amurka. Da fari a kan ji wani kiɗa mai sauri, kullum shi ne ba ya sakewa, sa'an nan wata murya mai kauri ta shigo tana Turanci a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai yi wa 'yan aji shifta. Ni aikina riƙe fitila, shi kuwa yana rubutu.

Ran nan na gaji na ce, "Kawu, wai me ka ke ji a kiɗan nan? Ba waƙa, ba kirari, sai bushe-bushe kamar an saki 'yan badujala ba shugaba."

Ya ce, "Kai dai riƙe fitila da kyau. Ni ma Turancin na fara bi, don in gyara bakina. Amma ka saurara in faifan ya ƙare. Zai faɗi wanda ya yi busa, da wanda ya kaɗa ganga, da garin da aka yi, da shekarar. Ka taɓa jin an yi wa makaɗi haka a ƙasar nan?"

A lokacin ban ga abin mamaki ba. Yau da na ke koyad da ɗaliban malanta, ina kuma zaga makarantu, na ga abin da tsohon ya gani. Shi ya sa na ce bari in kawo wa masu karatu labarin mai muryar nan da irin kiɗan da ya ke sawa, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Kiɗan dai sunansa jaz. Na baƙaƙen fatar Amurka ne, watau jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A birnin New Orleans ya tsiro, a bakin kogin Mississippi, wajen farkon ƙarni na 20. A birnin nan akwai wani fili da a ke kira Congo Square, inda tun zamanin bauta a kan bar bayi su taru ran Lahadi su yi kiɗa da rawa irin na gida. Daga baya jikokinsu suka sami kayan busa na Turawa, irin na badujalar soja, suka gama su da waƙoƙin coci, da na gona, da waƙoƙin baƙin ciki da su ke kira buluz.

Ga inda ya sha bamban da kiɗan Turawa. Su Turawa a rubuce nasu ya ke, makaɗi yana bin takarda ba ƙari ba ragi. A jaz kuwa a kan fara da karin da kowa ya sani, sa'an nan a sakar wa mutum ɗaya fili ya ƙago nasa nan take, sauran suna riƙe masa, in ya gama wani ya karɓa. Saboda haka in sun yi kiɗa guda yau, gobe suka sake shi, ba za su zo daidai ba. Wanda ya taɓa jin Shata yana waƙa, 'yan amshi na riƙe da amshi guda, kalangai na tafe, shi kuwa yana zubo magana yadda ta zo masa, ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ban ce jaz daga ƙasar Hausa ya fito ba, kada a ɗora mini jakar tsaba. Bayin nan daga ƙasashe da yawa aka kwaso su. Na dai ce kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari.

To, kiɗan da ba a rubutawa, in ba a ɗauke shi a faifai ba, ya tafi ke nan tare da mai shi. Akwai wani Buddy Bolden, wanda tsofaffin New Orleans suka ce shi ne sarkin masu busa na farko, wai daga nesa a kan jiyo ƙahonsa. Ya sami taɓin hankali, aka kai shi asibiti a 1907, can ya mutu a 1931. Faifan jaz na farko kuwa sai a 1917 aka yi shi, kuma wata ƙungiyar Turawa ce ta yi. Har yau ba a sami ko minti ɗaya na busar Bolden ba, sai dai labari.

Mai muryar da kawu ke saurara sunansa Willis Conover. Bature ne, an haife shi a 1920 a garin Buffalo. Tun yana saurayi ya shiga aikin rediyo, ya yi suna a Washinton wajen sa faya-fayan jaz, da shirya wasannin da baƙi da farare ke zama wuri ɗaya, a zamanin da a ke raba su a birnin. Ran 6 ga Janairu, 1955, Muryar Amurka ta fara watsa shirinsa mai suna Music USA, bai kuwa bar shi ba har ya mutu ran 17 ga Mayu, 1996. Shekara 41 ke nan. Kiɗan nan mai sauri da ke buɗe shirin shi ne Take the A Train, na ƙungiyar Duke Ellington, wanda abokin aikinsa Billy Strayhorn ya tsara.

Wata doka ta 1948 ta hana Muryar Amurka watsa shirye-shiryenta cikin Amurka kanta. Don haka mutumin nan yana iya ratsa kasuwar garinsu ba wanda zai waiwaye shi, amma da ya sauka Warso ta ƙasar Polan a 1959 sai ya tarar da taro, har da makaɗa, sun zo tarbarsa. A ƙasashen Kwaminis, inda hukuma ta daɗe tana ƙyamar jaz, samari su kan kwana jikin rediyo suna bin shirin, kuma daga nan da yawansu suka koyi busa. Mu nan Afirka ta Yamma, tashar da Muryar Amurka ta kafa kusa da Monrobiya ta ƙasar Laberiya ita ke ƙara wa muryar ƙarfi, har yaƙin ƙasar ya rushe ta a 1990. A zamanin da na ke riƙe fitila daga wasu tashoshi a ke kamo ta, ta zo ta tafi kamar iskar bazara, kawu na bin ta da murɗi.

Yadda ya ke tafiyad da shirin shi ne abin lura. In ya sa faifai sai ya kama bakinsa har kiɗan ya kai ƙarshe, kamar dai yadda mai ladabi ba ya katse babba. In ya ƙare sai ya jera sunayen waɗanda suka yi shi, a hankali, yadda wanda bai ƙware da Turanci ba zai iya rubutawa. Wani dare ya kan ware shirin duka don mutum ɗaya, ya bi da mai sauraro daga faifansa na ƙuruciya har na tsufa, a ji yadda hannu ya faɗa. Ya kan kuma gayyato makaɗan kansu su zauna su ba da labarinsu da bakinsu. A 1956 Louis Armstrong ya zauna da shi har awa biyar, suna sa faya-fayai, shi Armstrong yana faɗin yadda aka yi kowanne da waɗanda ke wurin. A 1969 kuma, ran 29 ga Afrilu, da Duke Ellington ya cika shekara 70, aka yi masa biki a fadar Shugaban Amurka, Shugaba Nixon ya ba shi lambar girma. Conover ne ya tattaro makaɗan ya kuma gabatad da su. Duk tsawon shekarun nan bai yarda ya zama cikakken ma'aikacin Gwamnati ba. Kwangila ya ke yi da gidan rediyon, don zaɓen faifai ya zauna a hannunsa.

Bari in ba da misali ɗaya daga littafin kawu. A wani shafi ya rubuta West End Blues, Shikago, 1928, sa'an nan sunaye shida. Faifan nan minti uku ne da ɗan ɗoriya, don garmaho na lokacin iyakar abin da gefen faifai ke ɗauka ke nan. An san ranar da aka yi shi, 28 ga Yuni. An san Armstrong ne ya busa ƙaho ya kuma yi waƙa, Earl Hines ya kaɗa piyano, Jimmy Strong ya busa algaitar Turawa, Fred Robinson ya busa ƙahon nan mai zugewa, Mancy Carr ya kaɗa banjo, watau wani irin molo, Zutty Singleton kuma yana wajen kiɗa. Armstrong da Hines sun zama manya, duniya ta san su. Amma Robinson da Carr fa? Ba su yi wani suna ba, yaran kiɗa ne kamar kowaɗanne. Duk da haka ga shi an kusa shekara ɗari, sunansu na nan, har ya iso adakar wani hedimasta a Kusada.

Ba daga ka mai gabatarwa ke zaro waɗannan sunaye ba. Akwai masu aikin da suka riga shi. A 1936 wani Bafaranshe, Charles Delaunay, ya buga littafi a Paris mai suna Hot Discography, inda ya bi faya-fayan jaz ɗaya ɗaya ya rubuta wa ya yi me, a ina, yaushe. Ya tambayi makaɗan da ke raye, ya bi lambobin kamfanonin faifai. Waɗansu suka ɗora daga inda ya tsaya, suna gyara kurakuransa. Da wannan guzuri mai rediyo ke shiga ɗakin watsa labari.

Kada kuwa mai karatu ya zaci saboda Allah Gwamnatin Amurka ta yi wannan hidima. Zamanin yaƙin cacar baki ne, Rasha na yi wa Amurka gori kan yadda ta ke wulakanta baƙaƙenta, sai Amurka ta ga ba abin da zai wanke ta kamar ta nuna wa duniya baƙaƙen nan suna busa suna murmushi. Tun 1956 ta fara aika su ƙasashe, Dizzy Gillespie ne na fari. Makaɗan kuwa sun san dawan garin. A 1957, da Gwamnan Arkansas ya sa soja suka hana yara baƙaƙe tara shiga wata makarantar sakandare a Little Rock, Armstrong ya fito fili ya soki Shugaba Eisenhower, ya ce ba zai je Rasha da sunan Gwamnatin ba. Ni malamin makaranta ne, kuma wannan ya fi kowane faifai nasa ɗaukaka shi a idona. Mutumin da a ke tafa masa a zaure, sa'an nan a hana shi ɗakin kwana a masaukin da ya yi wasan, in aka kira sunansa cikakke a rediyo duniya na ji, ba ƙaramin abu aka yi masa ba, ko da wace niyya aka yi.

Jaz ya iso mu har gida, ba ta iska kaɗai ba. Shi Armstrong ɗin, wanda aka haifa a 1901 cikin talauci, ya kuma koyi busa a gidan horon yara inda aka kai shi yana ɗan shekara 11, ya zo Akara a 1956. A watan Oktoba na 1960, 'yan makonni bayan samun mulkin kai, ya zo Nijeriya. Ya yi wasa a Ikko, ya hauro Arewa, har akwai hotonsa a Kaduna tare da Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. A Ikko kuma, a 1963, wani ma'aikacin gidan rediyon NBC mai suna Benson Idonije yana da shirin jaz. Wani saurayi da ya komo daga karatun kiɗa a London ya same shi a gidan rediyon da faifansa a hannu, suka ƙulla abota, suka kafa ƙungiyar jaz ta mutum biyar. Saurayin nan shi ne Fela Ransome-Kuti.

Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne Yusef Lateef. Ba'amurke ne, baƙi, Musulmi, an haife shi a 1920, ya tashi a Detroit. Ya yi busa tare da Gillespie tun 1949, ya kuma yi suna wajen shigo da sarewa da algaitu na ƙasashen Gabas cikin jaz, ko da ya ke shi kansa ba ya son kalmar jaz, yana ganin akwai reni a cikinta. Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariya, a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Mutumin da ya riga ya yi faya-fayai da yawa, ya haura shekara sittin, ya zo ya duƙufa kan sarewar Fulani, irin wadda yaran kiwo ke busawa a bayan garinmu ba mai ɗaga kai ya dube su. Ya yi faifai mai suna In Nigeria tare da makaɗan ƙasar nan, shi da Ziky Kofoworola kuma suka rubuta littafi kan wasanni da kiɗan Hausa, wanda ya fito a 1987. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Ni dai ban taɓa jin an ware masa ko rabin awa a wata tashar da na ke kamawa ba, alhali kuwa shekara huɗu ya yi yana shan ruwan Samaru.

To, mu komo kan namu. Ba zan ci amanar rediyo ba, ta yi wa makaɗan Hausa rana. Tun daga akwatunan waya da aka kafa a Kano a 1944, zuwa ran 13 ga Maris, 1957, da Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe Sashen Hausa na BBC, zuwa 1962 da aka buɗe gidan rediyon Kaduna, ita ce ta fid da mawaƙi daga fadar ubangidansa ko dandalin garinsu ta kai shi kunnen wanda bai taɓa ganinsa ba. Ta hanyarta mutumin Agadas da na zangon Kumasi suka san Narambaɗa, da Sarkin Taushin Katsina, da Ɗanƙwairo, da Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, da Barmani Coge ta Funtuwa. Alhaji Mamman Shata kuwa namu ne na nan kusa. A Musawa aka haife shi a 1923, maƙwabtanmu, har ma ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya cikin shekarun 1970. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu ran 18 ga Yuni, 1999, aka rufe shi a Daura.

Amma ku saurari yadda a ke sa shi a yawancin tashoshinmu. Mai gabatarwa zai ce, "Ga marigayi Dokta Shata," ya sa waƙar. Kafin a kai baiti na biyu ya rage murya ya shiga gaishe-gaishe, ya gai da na Tsanyawa, ya gai da na Ingawa, ya ɗaga murya kaɗan, ya sake ragewa don tallar maganin basir, sa'an nan lokaci ya ƙure a yanke waƙar a tsakiya. Wa ke riƙe da kalangu? Su wa ke amshi? A wane gari aka ɗauka, a gidan rediyo ne ko a wajen biki? Wace shekara? Wanda a ke yi wa waƙar, wane ne shi, me ya yi? Shiru ka ke ji. Alhali kuwa in ka cire kalangan nan da amshin, ka bar muryar ita kaɗai, ka rushe rabin ginin. Mawaƙan kansu sun fi mu adalci, don su kan ambaci yaransu a tsakiyar waƙa.

Na gwada wannan a aji. Na tambayi ɗalibaina, waɗanda gobe su ne malaman 'ya'yanku, wa ya san Bakandamiyar Shata? Hannuwa suka tashi. Na ce madalla, to, ya yi ta sau da yawa, a wurare dabam dabam, kowace da abin da ya ƙara. Wacce ce ke cikin wayarku, ta wace shekara? Aka dubi juna. Na ce a faɗa mini sunan makaɗi ɗaya tak daga masu kalangunsa. Wani ya ce, "Malam, ai su makaɗa ne kawai." Ban yi fushi da shi ba, don abin da ya tashi ya tarar ke nan. A wurinmu kiɗa roƙo ne, maroƙi kuwa ba a rubuta tarihinsa. Shata kansa sai da ya sha fama da mahaifinsa kafin ya kama waƙa sosai. Shi ya tsallake, ya zama Dokta. Waɗanda suka tsaya bayansa shekara da shekaru suna matsa kalangu a hammata har yanzu suna inda al'ada ta ajiye su.

Wani zai ce, Malam, kai da ke aikin ilmi, me ya kai ka wannan? Abin da ya kai ni shi ne, waƙoƙin nan littattafan tarihinmu ne. A cikinsu akwai hakimai da alƙalai, da fatake da direbobi, da manoma, da sojojin da suka je yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, mutanen da ba su cikin kowane littafin makaranta. Amma shaidar da ba ta da kwanan wata alƙali ba ya aiki da ita. In ba a san shekarar da aka yi waƙa ba, ba za a san ko kafin a naɗa mutum aka yi ta ko bayan an tuɓe shi ba, ma'anar kuwa ta kan juya gaba ɗaya a kan haka. Batun halaccin kiɗa da rashinsa na bar wa malamai, su ke da wannan fage. Ni maganar suna da shekara na ke yi.

Masu gidajen rediyo kuma za su ce gaisuwa ita ke kawo masu sauraro, talla ke biyan albashi. Gaskiya ne, ban kuwa ce a kashe Zaɓi Sonka ba, ni ma na sha aika kati. Awa ɗaya na ke roƙo a mako, wadda za a sa waƙa daga farko har ƙarshe ba a tsoma baki ba, sa'an nan a faɗi waɗanda suka yi ta, da wurin, da shekarar, in ba a sani ba a tambayi masu sauraro, don a cikinsu akwai wanda ya halarci bikin. Guzurin ma an riga an fara tarawa. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata tun 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya kuma tattara waƙoƙin baka masu yawa a rubuce. Malam Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Sai dai littafi yana kanta a jami'a, rediyo kuwa tana rataye a wuyan manomi a gona. Abin da ya rage a sami wanda zai ɗauko daga kantar ya karanta a iska.

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. A watan Maris na 2025 Gwamnatin Amurka ta dakatad da yawancin ma'aikatan Muryar Amurka, shirye-shiryen Hausa da aka fara tun 1979 suka yi shiru. Ashe gidan rediyo ma yana iya rufe baki dare ɗaya. Amma faya-fayan Conover da takardunsa suna ajiye a Jami'ar North Texas, kowane da takardar shaidarsa, har an sa waɗansu a intanet. Namu fa? Zaren kaset ba ya son zafi da ƙura, mu kuwa su ne abincinmu. Abin da ya tsira ya koma hannun masu tura waƙa a kasuwa, su zuba maka ɗari a waya, ba suna sai lamba, wani lokaci ma a liƙa wa waƙar wani sunan wani. Tsofaffin da za su iya warware wannan, watau makaɗan da 'yan amshin da suka rage a ƙauyukan Musawa da Matazu da Kankiya da Kusada, kullum raguwa su ke yi.

Saboda haka da za a tafi hutu na ba ɗalibaina aiki. Na ce kowa in ya je garinsu ya nemi tsohon makaɗi ɗaya, ya gaishe shi da ladabi, ya kunna masa wata tsohuwar waƙa, ya rubuto abin da zai faɗa. Waɗansu sun yi, waɗansu sun kawo uzuri. Wani yaro daga wajen Kusada ya zo da wani kaset da ya samu a ɗakin kakansa, ba rubutu a jikinsa ko ɗaya. Ya ce ya kai wa wani tsoho a ƙauyensu, wanda ya yi kiɗan kalangu da ƙuruciya, yanzu idonsa ya tafi. Da ƙyar suka sami rediyo mai cin kaset. Waƙar na farawa tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, ɗan nan. Wannan ƙaramin kalangun da ke bi ta ƙasa, ni ne." Ya faɗi sunan mawaƙin, da na mai babban kalangu, da gidan da aka yi bikin.

Yaron ya ce, "Baba, wace shekara ce?"

Ya ce, "Shekarar da aka canja kuɗi."

Yaron nan ya yi abin da ya faranta mini rai, don bai rubuta nan da nan ba. Ya ce, "Baba, canjin Buhari, ko na fari?" Tsohon ya ce na fari, da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, don ya tuna a bikin nan aka fara yi masa liƙi da sabuwar takarda, bai san darajarta ba sai da ya tambaya. Yaron ya rubuta 1973.

'Yan amshi uku ne a waƙar. Tsohon ya tuna ɗaya, biyu sun ɓace masa, amma ya ce matar ɗayansu tana nan da rai a wajen Matazu, in an same ta za ta sani. Yaron ya ce in an gama girbi zai ari babur ya je.